Yara Biyar a Dosiyen Madam

Cikin ranakun da na yi a kujerar kontabul, wato akanta, akwai wadda har yau ta ƙi fita raina: ranar da Lawali mai magaza ya shigo ofishina da takardar canjin wurin aiki. Lokacin ni ke kula da albashin ma'aikata a wani kamfanin sayen riɗi da gyaɗa da wake a Magariya. Kaka ta yi, awo ya kankama a kasuwannin ƙauye, motoci na shiga suna fita, ni kuma na duƙufa kan lissafin ƙarshen Oktoba. Duk wanda ya yi aiki da ni ya san ba na son a zauna mini a ofis a irin wannan lokaci. Ko kai ban ɗaga ba na ce, "Lawali, in gaisuwa ce na amsa. In rancen albashi ne, babu."

Ya yi 'yar dariya ya ajiye takardar a gabana. Darakta ne ya ɗaga shi daga magazarmu ta Mallawa, wato ɗakin da muke tara kayan da aka auna, zuwa babban sitonmu na Abijan a ƙasar Kodebuwa, inda riɗi ke jiran jirgin ruwa. Ci gaba ne na gaske, kuma ya cancanta. Shekara da shekaru makullan Mallawa na hannunsa, ko tiya ɗaya ba ta taɓa yin ƙafa ba. Na yi masa barka, na ce ya fara koya wa cikinsa cin garin rogo, don can ba mai dama masa fura. Sai na lura dariyar tasa iyakarta baki.

Ya ce, "Malam Mamman, yaran fa? Yaya za a yi da takardunsu?"

Bari in ɗan yi bayani don waɗanda ba su san aikinmu ba. Kafin albashi ya shiga hannun ma'aikaci, mukan cire lanho, wato harajin gwamnati, mu kai baitulmali da sunansa. Ba daidai ake yanka wa kowa ba. Akwai abin da muke kira sharji, mutanen da ke wuyan ma'aikaci, waɗanda aka rubuta a dosiyensa, wato fayil ɗinsa na aiki. Gwauro da mai yara biyar, ko albashinsu ɗaya ne, lanhonsu ba ɗaya ba ne, mai yara ana sassauta masa. Sai dai in miji da mata duka masu albashi ne, ba a rubuta yaro wuri biyu. Ko yana dosiyen uba, ko yana na uwa. A wajenmu kuwa ba a ma tsayawa tambaya, na uba ne. Ba ka ganin yara a dosiyen mace sai in mijin ya rasu, ko aure ya mutu alƙali ya bar mata su.

Matar Lawali, Madam Zuwaira, malamar lakwal ce, wato makarantar firamare, a Mallawa, cikakkiyar ma'aikaciyar gwamnati. Yaransu biyar, duk a dosiyen Lawali. Ba za ta bi shi ba: ga aikinta, ga yara sun fara shekarar karatu, ga tsadar Abijan. Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ya hana shi dariya shi ne babbar 'yarsa, Balkisa, mai ciwon amosanin jini, wanda muke ce wa emasi. In ya tashi sai an ɗauke ta zuwa babban asibitin Damagaram, wani sa'in har da ƙarin jini. Muddin Lawali yana aiki a Nijar, kamfani ke biyan mafi yawan kuɗin maganin. Da zarar dosiyensa ya koma Abijan, wannan gata sai a asibitocin can. Yarinya tana Mallawa, takardar maganinta tana bakin teku. Mafita guda ce: gwamnati na ɗaukar nauyin maganin 'ya'yan ma'aikatanta, amma fa waɗanda ke rubuce a dosiyen ma'aikacin. Sai Balkisa ta koma na uwarta.

Ni labarin ciwon nan daga rasiɗan asibiti na san shi, ba daga bakin Lawali ba. Balkisa 'yar fari ce, shi kuwa mutumin wani ƙauye ne kusa da Sassumbrum, inda kunyar ɗan fari take da ƙarfinta har gobe. Ku 'yan zamani da ke saɓa ɗan fari a kafaɗa kuna zaga kasuwa da shi ba za ku gane ba. Can uba ba ya kiran sunan ɗan farinsa, ba ya wasa da shi a gaban mutane, ba ya nuna ya damu da shi ko da zuciyarsa na ƙuna. Uwa ma haka, ta ma fi. Kakar Balkisa ce ta yaye ta ta riƙe ta, sai da tsohuwar ta rasu ta dawo gidan iyayenta. Duk zamana da Lawali ban taɓa jin sunan nan a bakinsa ba. In ya kawo rasiɗi sai ya ce, "Yayar su Sani ce ba ta ji daɗi ba," yana kallon bango.

Na ture lissafin Oktoba gefe na jera masa hanyoyi. Ta farko, ya tafi da biyar ɗin a dosiyensa. Can ma ana sassauta wa mai iyali, har sun fi mu, amma Balkisa ta zauna ba takardar magani. Ta biyu, ya mayar da biyar ɗin duka wajen Madam. Lanhonta zai ragu kaɗan, don albashin malamin lakwal bai taka kara ya karya ba, shi kuma a yanke shi a matsayin wanda ba shi da ɗa ko ɗaya. Da na auna, kowane wata gidan zai yi asarar wajen jika ashirin, wato sefa dubu ashirin. Ta uku, wadda nake ji da ita: a raba. Balkisa kaɗai ta koma dosiyen Madam, huɗu su tsaya nasa. Magani ya samu, asara kuma 'yar kaɗan. Akwai ta huɗu da wasu ke bi, su rubuta yaran a ƙasashen biyu tunda ba mai zuwa dubawa. Wannan ban kawo masa ita ba, shi ma bai tambaya ba.

Na jingina da kujera ina jiran a yaba mini. Lawali ya dubi takardar ya ce, "Ta biyun za a yi."

Raina ya ɓaci, don ba abin da na ƙi jini irin in yi wa mutum lissafi mai kyau ya taka shi ya wuce. Na ce, "Kai ba ka ji ba ne? Jika ashirin fa, dala dubu huɗu ke nan, kowane wata na Allah, ka zuba wa gwamnatin da ko sunan garinku ba ta sani ba!"

Ya ce, "Na ji, Malam Mamman. Amma yarinyar nan kolej take, ta iya karatu. Ran da za ta likita, takardar a hannunta za a sa. Ta duba ta ga uba ya riƙe huɗu masu lafiya, ya sallama mai ciwo. Me zan ce mata? Ni da ko sunanta ban iya kira, ta ina zan fara yi mata bayanin lanho?" Ya gyara zaman hularsa. "Su tafi tare. Inda ɗaya take, nan sauran suke."

Na yi shekaru ina raba yara a takarda kamar buhunan wake, ban taɓa tunanin wata rana yaron zai karanta ba.

Na kai wa Darakta maganar, don sai da sa hannunsa dosiye ke tashi daga reshe zuwa reshe. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ya fahimci abin da zai rasa?" Na ce ya fahimta sarai. Ya ce, "To, mutum da kuɗinsa. Amma ka sa ya rubuta da hannunsa cewa shi ya zaɓa, kada gobe a ce mu muka cuce shi." Lawali ya rubuta. Abin da ya rage shi ne meri, ofishin magajin gari. Can ake ba da takardar shaidar cewa yaran suna raye, kuma ga wanda ke riƙe da su. Sai an kai yaran ido da ido, uba ya amince a gaban shaidu biyu. Daga nan Madam ta kai takardar wajen sufeton lakwal, shi kuma ya tura Damagaram a gyara mata albashi.

Magana ba ta kwana a Mallawa. Kafin mu je meri, labari ya zaga cewa Lawali ya sa hannu ya bar wa matarsa 'ya'ya. A fadar da yake shan shayi aka fara ce masa mijin Madam. Wasu suka ce Abijan ɗin ma gudu ne, auren ya daɗe da mutuwa. Ran kasuwar Magariya sai ga yayansa, Alhaji Habu, ɗan kasuwar hatsi, wanda ya riƙe gidansu tun rasuwar mahaifinsu. Ya taso Lawali gaba har ofishina, sallamar ma a tsaye ya yi ta.

Ya ce, "Kai ne kontabul ɗin da ke raba mutum da 'ya'yansa?"

Na ce, "Alhaji, ni albashi nake rabawa. Bismillah, ga kujera."

Bai zauna ba. Ya juya kan ƙanensa. "Wannan takarda ta matattu ce da masu saki. Ka mutu ne, ko ka sake ta ba mu sani ba? So kake gobe a ce 'ya'yan gidanmu mace ke ci da su?"

Lawali ya tsuguna, kansa a ƙasa. "Yaya, ka yi haƙuri. Haka aikin ya zo."

"Wane aiki? Na tambayi masu ilimin abin, sun ce asara ma za ka yi! Mutum ya sayi abin kunya da kuɗinsa? In wani abu aka yi maka, ka faɗa mini tun da wuri mu nemi magani."

Jimla ɗaya ta isa ta kashe wutar nan, kuma tana bakina. Alhaji ya san yarinyar na da ciwo, abin da bai sani ba shi ne alaƙar takardar da magani. Na buɗe baki, sai Lawali ya ɗago ya dube ni, ya girgiza kai kaɗan. Na gane. A ce a gaban yayansa, wanda yake matsayin uba, an bayyana duk wannan don 'yar farinsa yake yi, a wajensa ya fi mijin Madam nauyi. Dosiyen ma'aikaci kuma amana ce, ba nawa ba ne in buɗe. Na haɗiye maganata, wallahi da ƙyar. Alhaji ya kaɗa riga ya fita yana cewa boko ya gama da gidansu.

Bayan kwana biyu Madam Zuwaira ta kawo mini takardun haihuwar yaran. Mace ce mai natsuwa, amma ranar idonta ya faɗa. Ta ce, "Malam, Allah ya sani ban roƙe shi ba. Ni da kaina na ce a ware mai ciwon kawai, a huta da bakin mutane. Ya ce in na sake faɗa za mu ɓata." Ita ma ba ta kira sunan ba. Ta ce matan dangin mijin sun fara amsa gaisuwarta a daƙile. Na ce ta yi haƙuri, abin da na iya ke nan.

Abin da ya ƙara ba ni mamaki, da aka zo zancen shaidu, Lawali ya ce ni da Alhaji Habu. Na ce, "Kai dai rigima kake nema." Ya ce, "Ba zan yi abu a bayan idonsa ba. In ya ƙi, ya ƙi a gabana." Alhaji bai ƙi ba. Ya aiko cewa zai zo, don ya ga abin kunyar da idonsa.

Ranar na hau moto, wato babur, na tafi Mallawa da hantsi. Sakataren da ke kula da takardun haihuwa da aure a meri wani dattijo ne, Malam Isufu, ɗan garin. An jera yaran a benci. Balkisa na ƙarshe, siririya, idanunta da ɗan rawaya irin na masu ciwon, ta riƙe hannun autarsu kada ta gudu waje. Madam na tsaye bayansu. Alhaji ya zauna bakin ƙofa ya juya wa kowa rabin baya, yana jan carbi da ƙarfi.

Malam Isufu yana jera takardu sai ya ci karo da katin asibiti. Ya ɗaga shi ya ce wa Madam, shi dai a cikin aikinsa, "Wannan ki haɗa da shi wajen sufeto. Da zarar sun shiga dosiyenki, maganin mai emasi ɗin ya ci gaba a Damagaram, ko da uban ba ya ƙasar."

Carbin Alhaji ya tsaya. Ya ce, "Me ka ce, Malam?"

"Na ce magani. In suka bi dosiyen uba zuwa Kodebuwa, ai nan ba mai biya mata ko ƙwaya ɗaya."

Alhaji ya dube ni, na gyaɗa kai. Shi ɗan kasuwa ne, nan take kansa ya kawo masa irin lissafin da nawa ya kawo mini. Ya ce, "To ai da sai a ware..." Bai ƙarasa ba. Idonsa ya faɗa kan yarinyar, wadda ta zuba masa ido tana jiran sauran maganar. Ya dubi ƙannenta huɗu a gefenta, ya dubi Lawali da ya sunkuyar da kai.

Malam Isufu ya ce, "To, mai gida, ƙa'ida ce. Ka nuna kowane yaro, ka faɗi sunansa, ka ce ka amince."

Lawali ya fara daga ƙasa. Nana. Ibrahim. Mariyama. Sani. Kowane ya kira, Malam Isufu ya duba takardar haihuwa ya sa alama. Da ya zo kan ta biyar sai hannunsa ya tsaya a sama. Malam Isufu ya san al'ada, ba yau ya fara ganin haka ba. A irin wannan wuri wani babba a dangi kan faɗi sunan, uba ya gyaɗa kai, a wuce. Kafin ma a neme shi, Alhaji ya matso da kujerarsa, muryarsa ta sauka, ya ce, "Bari in faɗi sunan a madadinka."

Lawali ya ce, "Bari, Yaya. Tafiya zan yi mai nisa." Ya juya ya dubi yarinyar sosai, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Ya ce, "Balkisa."

Ita ba ta san ƙa'idar meri ba. Abin da ta sani, ubanta ya kira ta. Ta miƙe tsaye ta ce, "Na'am, Baba."

Madam ta ja mayafi ta rufe fuska. Malam Isufu ya shiga neman tambarin da ke gabansa. Lawali ya ce, "Zauna. 'Yata ce, ita ce ta fari. Na amince da su biyar ɗin."

Alhaji Habu ya yi gyaran murya ya ce, "Yaran yanzu dai ba kunya." Ya miƙa hannu. "Ina alƙalamin? Nuna mini inda shaida ke sa hannu." Ya sa, ya danna har takardar ta kusa hujewa. Da muka fito ya tsaya ya gaida Madam gaisuwa cikakkiya, a gaban masu zaman bakin meri, yadda kowa zai gani.

Lawali ya tafi kafin a gama awon riɗi. Da ya karɓi albashinsa na farko ya kira ni a waya yana dariya, ya ce, "Malam Mamman, sun mai da ni sabon ango, mata ɗaya ba ɗa." Na ce Allah ya kawo masu albarka. Da damina ciwon Balkisa ya tashi, aka kwantar da ita a Damagaram da takardar uwarta. Alhaji ne ya kai su da motarsa, ya kuma kwana a barandar asibiti har aka sallame ta. 'Yan fada ba su daina ce wa Lawali mijin Madam ba, sunan ya bi shi. In ya zo hutu aka kira shi da shi, amsawa yake.

Ku da kuke kan kujerar nan yanzu, za a koya muku hanyar da ta fi rage wa ma'aikaci lanho, kuma ku iya ta da kyau, haƙƙinsa ne. Ku jera masa hanyoyin duka, ku gaya masa abin da kowace za ta ci. Amma in ya zaɓi mai tsada, kada ku yi saurin ɗaga masa murya yadda na yi. Ku tambaye shi, in ya ƙi faɗa ku rufa masa asiri. Mutanenmu ba kowane dalili suke iya furtawa ba, wani ma dalilin da ya fi girma shi ne wanda baki ba ya ɗauka.

Kwafin takardar albashinsa na Abijan yakan biyo ta ofishina kowane wata har na bar aiki. A gurbin yara, sifili ne. Duk sanda na gani sai in tuna benci a merin Mallawa da wata siririyar yarinya a tsaye. Na riƙe dosiyen iyaye masu yawa a aikin nan, amma ban ga uban da ya riƙe 'ya'yansa kamar wannan da takardarsa ke cewa ba shi da ko ɗaya ba.